Jitar katako da fedar kaushi: yadda nake haɗa su

Masu cewa fedar distoshan, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sautin jita ya yi kaushi, ta jitar lantarki ce kaɗai, su koma su saurari abin da Keith Richards, mai jitar ƙungiyar Rolling Stones, ya yi a 1968. Lokacin da Rolling Stones suke ɗaukar "Street Fighting Man", jitar katako ya kaɗa wa wata ƙaramar rikodar kaset ƙirar Philips, ya ɗura mata sauti har ya fi ƙarfinta, muryar ta dushe ta yi kaushi. Jama'a da yawa sun daɗe suna zaton jitar lantarki suke ji.

Ni jita ɗaya gare ni, ta katako, da ita nake zuwa wasa. Abin da ya kai ni ga feda kuwa shi ne, da zarar mai ganga da mai fiyano sun ɗauki zafi, sai a nemi jitata a rasa. Ƙara mata murya bai yi magani ba, kuka kawai lasifika ke yi. Ɗan kaushi ne ya fito da ita.

Obadiraib da distoshan aikinsu ɗaya: suna datse kan sauti idan ya yi tsawo, datsewar ce ke haifar da kaushin. Obadiraib a hankali yake yi, yana bin hannunka. Ka taɓa tsirkiya da sauƙi ta fito tas, ka doke ta ta yi gurnani. Distoshan ba ruwansa da hannunka, kome ka kaɗa niƙe shi yake. Shi ya sa a kan jitar katako na fi yarda da irin Tube Screamer, koriyar nan ta Ibanez da ta fito tun 1979. Tana rage ƙasan sauti kafin ta datse shi, ta turo tsakiya gaba, wajen 700 Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba mai tsini), daidai inda jita ke samun wurin tsayawa a cikin hayaniya. Boss DS-1 mai ruwan lemo, ta 1978, feda ce mai kyau, amma a nan ta cika zafi.

Sai dai feda ba ita ce farkon magana ba. Ka fara duba abin da ke ɗaukar sautin jitarka. Yawancin jitocin katako da ake sayarwa da ramin jona waya, fiyezo ne, wata siririyar na'ura mai jin girgiza, aka shimfiɗa musu a ƙarƙashin jaki. Shi fiyezo ba ya barin kome: gogar yatsa, ƙarar farce, tsinin saman sauti, duk yana kwasowa. Feda kuma sai ta ninka su, ka ji jita tana "caaa" kamar an jefa ƙosai a mai. Na'urar maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin ramin jita ta fi dacewa nesa ba kusa ba, domin motsin tsirkiya kawai take ji, yadda ta jitar lantarki ke yi. Amma tana da nata hali. Tsirkiyoyin jitar katako masu kauri da tagulla aka naɗe su, maganaɗisu kuwa ƙarfen ciki kaɗai yake kamawa, don haka sirara biyun nan sukan fi sauran ɗaga murya. In tsirkiyar roba gare ka, kada ma ka ɓata kuɗinka.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Lasifikar amfilifayar jitar lantarki da kanta take zubar da yawancin abin da ya haura 5,000 Hz, shi ya sa distoshan ke daɗi a cikinta. Manyan lasifikokin da ake haya a biki kuwa suna da ƙaramar lasifika ta saman sauti, wadda ke fito da duk wannan tsatsar. In ka jona feda kai tsaye cikin mikisa, dole kunne ya wahala. Ni Boss GE-7, fedar da ke ɗaga ko sauke sassan sauti ɗaya-ɗaya, nake sawa bayan obadiraib, in sauke 6,400 Hz sosai, in ɗan taɓa 3,200.

Ita ce kuma ke taimaka mini da kuka. Cikin jita fanko ne, iskar da ke ciki tana amsawa wajen 100 Hz, allon gaba kuma wajen 200. Kaushi na ƙaruwa, lasifika ta girgiza allon, allon ya mayar mata, shi ke nan sai "wuuu". Na sauke waɗannan biyun, na toshe ramin da murfin roba, kuma ba na tsayawa gaban lasifika. Wani abokina soso yake cusawa a cikin tasa, yana aiki, illa dai jitar ta zama kurma in an zare waya.

Maɓallin ƙara kaushi da aka rubuta wa Drive a jikin feda ba na kai shi ko sulusi. In da hali ma raba sautin nake yi gida biyu, tsarkakakke ta hanya ɗaya, mai kaushi ta ɗaya, in sa mai kaushin a ƙasa. John Butler na Ostareliya da irin wannan haɗi ya yi suna. Muryar katakon tana nan, gurnanin yana bin ta a baya.

Hannu ma sai ya canza. Ka share tsirkiya shida gaba ɗaya, sautukan su cakuɗe su zama taɓo. Biyu ko uku sun isa. Salon Agadas, irin na su Bombino mai jita, nan ya fi zama daram: babban yatsa yana riƙe da tsirkiya ɗaya tana amo, sauran suna yawo a sama. Kunnenmu ma ba baƙon wannan ba ne, tun da masu garaya da gangan suke maƙala ɗan ƙarfe mai zobba don kiɗa ya riƙa zuza.

Batun wuta: feda tana ƙara duk wani gunjin da ya biyo waya, adafta mai araha a kan janareta kuwa ba ta rasa shi. Batir mai bolt 9 nake sawa, da wani a aljihu, kuma ina zare wayar shiga in an tafi hutu, don muddin tana jone batirin ci yake yi.