Gidan reno a ƙauye lokacin korona: me tallafi zai saya?

Gidan renon yara a karkara ba shi da asusu. Malamar firamare, ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ko mai zuwa sari kasuwar Gujungu, ta kawo yaro da hantsi ta ɗauka da la'asar, abin da ta biya shi ne sabulu, shi ne gero, shi ne albashin masu reno. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka kulle Kano a Afrilu, kuɗin nan ya tsaya cak.

A 2020 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i, har da biyan ma'aikatan makarantu masu zaman kansu naira 30,000 zuwa 50,000 a wata, har wata uku. Sai dai an nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar BVN ta banki, a kuma cike takarda ta intanet. Mu masu gidajen reno kuwa yawancinmu hannu da hannu muke biya, shaidarmu littafi mai layi. A nan ƙaramar hukuma take da abin yi, don ita ce ta fi kusa. Jigawa na da 27, Kano 44, kuma babu gidan renon da mai unguwa bai san ƙofarsa ba.

In za a taimaka, a fara da albashi. Mai reno ɗaya ba ta riƙe jarirai fiye da uku ko huɗu, kuma kafin ta iya bambance kukan yunwa da kukan ciwon ciki ta kwashe watanni. Ta tafi, sai a koma farko.

Sai ruwa. Annoba ta ninka wanda muke saya a wurin mai kura, domin wanke hannu ya zama kafin ci, bayan canza ƙunzugu, da shigowar kowace uwa. Bokiti mai famfo a bakin ƙofa, roba a ƙasa ta tare ruwan, sabulu a rataye da igiya don kada ya narke a rairayi. Ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, murfi ɗaya ake zuba wa murfi 49 na ruwa, a goge tabarmar leda, fo da kayan wasa, a bari ya yi minti ɗaya, sannan a ɗauraye duk abin da yaro ke kai wa baki. Kullum ake haɗa sabo. Na jiya ƙarfinsa ya tafi, musamman in ya sha rana, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanki. Takunkumi na manya ne. Ba a rufe wa ɗan ƙasa da shekara biyu hanci. Yaron da zafin jikinsa ya kai 38 ba ya shiga ɗaki, ko uwarsa ta rantse haƙori ne.

Kunu ma da lissafinsa: gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1, kowanne a soya daban kafin niƙa. Waken da bai soyu ba shi ke kumbura ciki, a zo ana zarginmu da ruwa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, da an ji ƙishin-ƙishin tallafi sai zaure ya zama gidan reno: tabarma biyu, allo a ƙofa, yara ashirin a hannun yarinya ɗaya. Su ne ke karya farashi, har uwa ta zo tana cewa, “Hajiya, can rabin haka ne.” Rabin ne, amma a leƙa fon nasu.

Tantancewa ba ta da wuya. Jami'in lafiya ya zo ba sanarwa, ya duba littafin zuwan yara na watannin kafin kulle, ya ƙirga yara ya ƙirga masu reno. Sannan ya miƙa wa ɗayarsu cokalin shayi ya ce ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali.