Yadda na koyi karanta mota a tsohon hoto

Aikina sabunta tsofaffin hotuna ne. A kawo mini hoton kaka da ya koɗe, in ɗauke shi a kwamfuta, in goge tabo, in fitar da sabo. Hotunan manyan da, sarakai da attajirai da 'yan bokon farko, da wuya ka rasa mota a bayansu, kuma mai hoto ba ya tafiya sai ya tambaya wace iri ce, a wace shekara aka ɗauka. Zama da masu sha'awar tsofaffin motoci ne ya koya mini amsawa, musamman wani dattijon makaniki da nake kai wa hotunan da suka gagare ni.

Su ba sa kallon mota ɗungurungum. Mu da mun ga doguwar baƙar mota sai mu ce Rolls-Royce ce, shi ke nan. Baba kuwa cewa yake, "Yaro, matso min da hancinta." Daga 1955, Rolls-Royce Silver Cloud da Bentley S bodinsu ɗaya ne, masana'anta ɗaya ce ta ƙera su a Crewe ta Ingila. Bambancin yana ragar gaba: ta Rolls a miƙe take mai kusurwa, da ɗan gunkin mace a samanta, ta Bentley kafaɗunta a lanƙwashe, da harafin B mai fukafukai. Daga nan sai ƙirgen fitilu. In huɗu ne, Silver Cloud III ce, wadda ta fito a ƙarshen 1962. In biyu ne, ko ƙirar farko ce ko ta biyu ta 1959, kuma babban abin da ya raba su inji ne, silinda shida da silinda takwas, wanda hoto ba ya nunawa. A nan halin dattijon ya fi burge ni. Zai ce, "Ɗaya ce cikin biyun nan," ya ja bakinsa ya yi shiru, ko da mai hoto ya ƙagu ya ji fiye da haka.

Marsandi ta fi sauƙi. Mai 'yan fukafukai a baya daga 1959 take, babbar da aka shafe mata su kuma daga 1965.

Sitiyari ma yana magana, amma da sharaɗi. Nijeriya ta bar tuƙin hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motocin da aka shigo da su kafin nan yawanci sitiyarinsu a dama yake, saɓanin na Maraɗi ko Damagaram da suka gaji tsarin Faransa. Sai dai mai wanke hoto kan kifa fim, dama ta koma hagu. Shi ya sa ake fara duba lambar mota ko wani rubutun allo, a ga ko haruffan a daidai suke.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne, mota ba ta faɗin shekarar hoto, iyakarta ta ce ba a ɗauke shi kafin shekara kaza ba. Babbar mota a gidan sarauta takan shekara ashirin ana fita da ita, ana goge ta kamar amarya. Saboda haka abin da nake rubuta wa mutane a bayan hoto shi ne "daga 1959 zuwa sama", sauran a nema wajen tsofaffin gida.

Abin da ke ci mini rai yanzu manhajojin nan ne masu ƙara wa hoto kyau da kansu. Inda raga ta dushe sai su zana wata, inda lamba ta goge su ƙirƙiro haruffa, hoton ya fito tas amma shaidar ta lalace. Ni fuska nake gyarawa da tabon ruwa. Mota ina barin ta yadda kyamara ta kama ta, kuma duk wanda na yi wa aiki sai na ba shi kwafin asalin da ban taɓa ba, in roƙe shi kada ya yanke gefen da lambar take.