Ranar da hazo ya rufe mu a teku

Watana uku ina koyon tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska lokacin da hazo ya fara ritsawa da mu. Hazon teku laima ne: iska mai ɗumi ta ratso kan ruwa mai sanyi, sai komai ya koma fari fat. Cikin minti goma gaɓar da muke bi ta ɓace, goshin jirginmu ma da ƙyar nake hangowa. Ruwa na ɗiga daga girata, igiyar da ke hannuna ta jiƙe sharkaf. Ga iska ta nufi gabas, ruwan teku na janyewa yamma, kuma duk inda waɗannan biyu suka yi karo, raƙuman ruwa kan miƙe tsaye, gajeru masu tsini, suna dukan jirgi ba ƙaƙƙautawa.

Abin da zuciyata ta fara raya mini shi ne mu nemi tudu. Na ce, "Malam, mu shiga tasha mana." Kyaftin ko ɗago kai daga taswira bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, a rana irin ta yau gaɓa ce ke cin jirgi. Dutse yana can, ba ya nan."

Na daɗe ina juya wannan magana. Bakin tasha matsattse ne, nan manyan jirage ke cunkoso, nan ruwa ke rage zurfi har raƙuma su ƙara tsayi su fashe. Wurin da mai tsoro ya fi begen isa, nan ajali ya fi kusa. Sai muka rage ƙyallen jirgi tun iska ba ta fi ƙarfinmu ba, kowa ya ɗaura rigar ceto, muka riƙe zurfin mita 20 muna binsa kamar makaho da sandarsa.

Daga nan ya miƙo mini ƙaho da agogo. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun fayyace: jirgi mai inji da ke tafiya cikin hazo zai yi doguwar busa ɗaya, mai tafiya da iska kuwa doguwa ɗaya da gajeru biyu, kada tazarar ta wuce minti 2. Tsakanin busa da busa babu mai cewa uffan. A nan na gane dalilin da ya sa doka ta 5 ta haɗa ido da kunne a aikin tsaro. Can sai muka ji wata doguwar busa mai kauri, har cikin ƙirjina na ji ta, amma na kasa tantance ta ina ta fito, domin hazo yana rikita sauti. Jirgin dakon kaya mai gudun mil 20 na ruwa a awa yana cinye mil guda, wato mita 1,852, cikin minti 3 kacal. Bakina ya bushe ƙamas.

Da na ce ai manyan jirage suna da rada, na'urar da ke gano jirage daga nesa ko da ido ba ya ganinsu, sai ya tuna mini da jiragen ruwan Andrea Doria da Stockholm, waɗanda suka yi karo cikin hazo kusa da Nantucket a Amurka a watan Yulin 1956. Dukansu biyu suna da rada, kuma mutum 51 suka rasu. Shi ya sa, duk da GPS ɗinmu, na'urar da ke nuna inda muke, na aiki lafiya lau, ya sa ni rubuta lokaci, alkiblar kamfas, gudu da zurfin ruwa da fensir kowane minti 15. Hannuna na rawa, takardar na manne wa yatsuna, amma ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Wajen la'asar hazon ya fara yayewa. Wata jar alamar hanya ta fito a hagunmu tana lilo a kan ruwa. Kyaftin ya karanta lambarta, ya duba ɗigon fensirina na ƙarshe a taswira, inda lissafina ya nuna muke, ya auna tsakaninsu: rabin mil. Ya ce in zauna in nemo inda janyewar ruwa ta kwashe mini wannan rabin.