Ranar da aka auna kunnen Baba

Laraba, da dare.

Yau dai Baba ya yarda muka je aka auna masa kunne. Wata takwas ina lallashinsa, kullum amsarsa ɗaya ce: "Ni ina ji sarai, ku ne ba kwa buɗe baki in za ku yi magana."

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da ƙara ba ta ratsawa, aka ɗora masa abin sauraro a kunne, aka ce duk sanda ya ji sauti ya danna maɓalli. Ina leƙensa ta gilashi. Da farko yana dannawa da kuzari. Can sai na ga likita tana ta ƙara ƙarfin sautin, shi kuwa ya runtse ido, ya kasa kunne, yatsansa ko motsi. Nan jikina ya yi sanyi.

Da ta nuna mana takardar awon, layin ya miƙe daga hagu, ya zo dama ya gangara. Ta ce kakkauran sauti yana jin sa, siriri ne ya ɓace masa, kuma a cikin siririn ne haruffa irin su s da f da sh da ts suke. Shi ya sa fata da sata duk ɗaya suke isa kunnensa. Muryar na zuwa, kalmar ce ba ta zuwa. Ashe ba taurin kai ba ne. Sau nawa na ɗaga masa murya cikin ƙosawa, ina zaton share ni yake yi? Allah Ya yafe mini.

Sai ta ɗauko wani hoto. Bayan dodon kunne akwai 'yan ƙasusuwa uku, bayansu kuma wani abu naɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, girmansa bai wuce kan ɗan yatsa ba. A cikinsa ƙwayoyin halitta masu gashi a ka suke jere, wajen 15,000 a kowane kunne. Sauti ya kaɗa ruwan, gashin ya ranƙwafa, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Na bakin katantanwar su ke kama siririn sauti, na can ƙurya su kama kakkaura. Wani masanin kimiyya, Georg von Bekesy, ne ya gano yadda igiyar sautin ke tafiya a ciki, har ya ci kyautar Nobel a 1961. Na bakin ne suka fi saurin mutuwa, ko don shekaru, ko don hayaniya. Baba kuwa shekara talatin ya yi tsakanin injuna ba abin toshe kunne, ga shi ta ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ana shan ta awa takwas kullum, ta isa ta yi ɓarna.

Baba ya ce, "To likita, ba maganin da zai sa su sake tsirowa?" Ta girgiza kai. Ta ce a jikin mutum wadda ta mutu ta mutu ke nan. Ya yi shiru, ya gyara zama.

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni, tun da muka dawo nake karatu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsuntsaye. A 1988 masu bincike a Amurka suka nuna cewa in ƙara ta kashe waɗannan ƙwayoyin a kunnen tsuntsu, na kusa da su masu tallafa musu sukan rikiɗa su maye gurbi, ji ya dawo. Kifi ma haka yake. Mu ma muna da masu tallafin nan, sai dai a wurinmu sun yi barci, kuma sama da shekara talatin ke nan ana neman hanyar tashinsu. An samu ɗan ci gaba a kunnen ɓeraye, amma bai kai ga maganin da za a ba mutum ba.

Sai labarin da ya sa ni hawaye. A Janairun 2024 mujallar Lancet ta buga aikin likitocin Jami'ar Fudan da ke Shanghai a kan yara shida da aka haifa kurame saboda tawayar ƙwayar gado guda, mai suna OTOF. Aka ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan bairos marar cutarwa, sai da aka raba ta biyu saboda girmanta, aka zuba a cikin katantanwar. Biyar daga cikinsu suka fara ji. Har na ɗauki waya zan kira Yaya, sai na sake karantawa a tsanake. Su yaran, ƙwayoyin gashinsu na nan da rai, miƙa saƙo ga jijiya ne kawai ya gagare su. Na Baba kuwa, masu kama siririn sauti, babu su. Na ajiye wayar. Murnar da nake taya iyayen yaran ba ta ragu ba, amma wannan ƙofar ba tamu ba ce.

Dashen na'ura a cikin katantanwa, wanda ke tsallake matattun ƙwayoyin ya taɓa jijiya kai tsaye, likita ta ce Baba bai kai nan ba. Abin da ya dace da shi na'urar ƙara ji ce, a daidaita ta da takardar awonsa ta ɗaga siririn sauti kaɗai. Mako mai zuwa za mu koma a gwada.

Ɗazu na shiga wurinsa, na kashe talabijin, na zauna daidai fuskarsa kamar yadda ta koya mini, na yi magana a hankali ba tare da ihu ba. Na tambaye shi ko zai riƙa sa na'urar in an ba shi. Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya ce, "Zan sa, 'yar nan. Na yi kewar surutun jikokina."