Faifai huɗu a kwamfuta ɗaya, da wahalar da na sha kafin su zauna lafiya

Satin da ya wuce na gama haɗa sabuwar kwamfutar da zan riƙa editin ɗin bidiyon biki da ita, kuma wallahi abin da ya fi cinye mini lokaci ba furosesa ba ne ba kuma katin girafik ba, had dis ne. Faifai huɗu na sa: NVMe (ɗan siririn faifai mai tsananin sauri) ɗaya mai 1TB don Windows da manhajoji, SSD na SATA (faifan da ba ya juyawa, da waya ake haɗa shi) don aikin da nake kai a lokacin, sai manyan had dis guda biyu masu 4TB kowanne, na ajiyar bikin da na gama.

Na ɗaura komai, na kunna, na shiga BIOS (shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi), sai na ga faifai uku. Ɗaya daga cikin manyan ya ɓace ɓat. Na canza waya, na canza ta wuta, na kara kunnena a jikinsa ina jin yana juyawa lafiya lau, har na fara zagin wanda ya sayar mini da shi a zuciyata (Allah ya yafe mini, bawan Allah ba ruwansa). Sai wajen sha ɗaya na dare na ɗauko littafin madabod (babban allon da ake soka komai a jikinsa) ɗin nan da kowa ke bari a kwali, ashe an rubuta da ƙananan haruffa cewa in ka sa faifai a ramin M.2 na biyu (irin ramin da ake soka NVMe), ramukan SATA na 5 da na 6 sun daina aiki, saboda hanya ɗaya suke rabawa. Ni kuwa a na 6 na soka shi don wayar ta fi kwanciya a can. Na mayar da shi ramin SATA na 2, nan take ya fito.

Wani abu da na koya tun a tsohuwar kwamfutata, in za ka ɗora Windows to cire wayar duk sauran faifan ka bar wanda za ka ɗora a kai shi kaɗai. In ba haka ba wani lokacin sai ta je ta ajiye ɗan ɓangaren da take tashi da shi a wani faifai daban, ba za ka sani ba sai ranar da ka cire wancan faifan kwamfuta ta ƙi tashi kana ta mamaki. Haka kuma maganar AHCI da RAID a cikin BIOS (wato ko kowane faifai ya yi aikinsa shi kaɗai, ko a haɗa faifai su yi aiki kamar ɗaya), ka yanke shawara kafin ka ɗora, don in ka canza daga baya shuɗin allon nan ne zai tare ka. Faifai mai 4TB kuma tsarin raba faifai na GPT za ka zaɓa masa, tsohon tsarin MBR ba ya wuce 2TB. Kuma in ka ga Windows ta nuna 3.63TB ba cutar ka aka yi ba, masu ƙerawa da dubu suke lissafi ita kuma da 1024.

To maganar RAID. Wani yarona a shago, da ya ga manyan faifan biyu sai ya ce "Oga a yi musu RAID 0 mana, 8TB fa ke nan, ga gudu." Na ce kai dai bari. Na taɓa yi. RAID 0 yanka kowane fayil yake yi gunduwa-gunduwa ya raba wa faifan biyu, shi ya sa yake da sauri, amma in ɗaya ya mutu ɗayan ma ya zama banza, don rabin komai ne a cikinsa. Shekarun baya haka na tashi da safe ɗaya yana ƙas ƙas ƙas, da bidiyon kamu da ɗaurin aure da dina na wasu mutane a ciki, kuma na riga na goge memorin kyamara na je wani aikin da shi. Abin da ya cece ni shi ne abokin aikina da muka ɗauka tare bai goge nasa ba, da nasa muka lallaɓa muka haɗa, amma shigowar amarya wurin dina ni kaɗai na ɗauka, ta tafi ke nan. Har yau in na haɗu da yayan amaryar nan a hanya kunya nake ji.

Kuma yanzu ma gudun me kake nema a wurin had dis? SSD na SATA yana ba da wajen 550MB a sakan, NVMe na PCIe 4.0 yana kai wa 7,000MB. Had dis biyu ko ka haɗa su ba za su kamo ƙurarsa ba.

Don haka RAID 1 na yi, wato madubi, duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan. 8TB na saya 4TB nake mora, da ciwo amma na haƙura. RAID 5 sai da faifai uku aƙalla, RAID 10 huɗu, aljihuna bai kai can ba. Ban ma yi shi ta BIOS ba, da Storage Spaces na cikin Windows na yi, saboda in madabod ta ƙone zan iya ɗaukar faifan in kai wata kwamfutar mai Windows ta gane su ba tare da na shiga kasuwa neman irin waccan madabod ɗin ba.

Sai dai fa madubi ba bakof (kwafin da ake ajiyewa daban) ba ne, wannan shi ne abin da yaron nawa ya kasa ganewa sai da na nuna masa. Na buɗe folda na gwaji, na sa hotuna uku, na goge, na ce to nemo min a ɗaya faifan. Babu. Abin da ka goge ya gogu a duka biyun, bairos in ya shiga ya shiga duka biyun, wuta in ta dawo da ƙarfi ta ƙona fawa saflai tana iya tafiya da su tare tunda a akwati ɗaya suke. Shi ya sa na sa UPS, kuma akwai wani faifan na waje da nake kwafe aiki a ciki duk ranar Juma'a in tafi da shi gida.

Ɗaya daga cikin manyan faifan na hannu ne, kafin in biya sai da na sa manhajar CrystalDiskInfo na duba awannin da ya yi yana aiki da ko yana da wuraren da suka lalace. Ya nuna lafiya ƙalau, amma duk da haka na manna masa farin tef na rubuta "tsoho" da biro, don ranar da Windows ta ce ɗaya ya faɗi in san wanda zan fara zargi.