Modena, garin ɗan mai burodi

Daga Bologna zuwa Modena bai kai tafiyar rabin awa ba a jirgin ƙasa. Watan Nuwamba ne, hazo ya lulluɓe gonaki, ba ka hango komai ta taga sai inuwar bishiyoyi da rufin masana'antu. Ɗan kawuna, wanda ya daɗe yana aiki a wata masana'antar tayil a Sassuolo, kudu da Modena, shi ya tarye ni a tasha. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara tsiya.

"Yaya, duk wanda ya zo garin nan motar Ferrari ce ta kawo shi. Kai kaɗai ne ka biya kuɗin jirgi saboda wani mai kurma ihu da ya rasu tun 2007."

Mai kurma ihun shi ne Luciano Pavarotti, mawaƙin opera (wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa) mai muryar tenor, wato mafi tashi sama a cikin manyan muryoyin maza uku da ake rubuta wa waƙa a wannan fanni. A nan aka haife shi ranar 12 ga Oktoban 1935, a nan kuma ya cika ranar 6 ga Satumban 2007, bayan fama da ciwon daji.

Da ƙafa muka shiga gari. Ba nisa da tasha akwai tsohuwar masana'antar taba, inda mahaifiyarsa Adele ta yi aiki tare da mahaifiyar Mirella Freni, wadda ita ma ta zama gagarumar mawaƙiya. Shekara ɗaya aka haife su, mace ɗaya ta shayar da su lokacin da iyayen ke wurin aiki. Freni, da yake ƙaramin jiki gare ta, ta sha yin raha cewa kowa ya kalle su ya san wanda ya shanye nonon. Uban kuwa, Fernando, mai gasa burodi ne, kuma Allah ya ba shi murya, sai dai tsoron tsayawa gaban jama'a ya hana shi cin abinci da ita. Ya tsaya ga ƙungiyar mawaƙan gari da tara fayafayan tsofaffin mawaƙa su Caruso da Gigli. Da wannan ƙungiya, Corale Rossini, uba da ɗa suka je Llangollen a yankin Wales a 1955 suka ciyo na ɗaya a gasa. Pavarotti ya sha cewa wannan tafiya ce ta sa ya ɗauki waƙa sana'a. Kafin nan burinsa ya zama gola, kuma sai da ya koyar a firamare ya kuma yi tallan inshora.

Tsakiyar garin ƙarama ce, titunan da rumfuna masu ginshiƙai ta yadda ruwan sama bai cika taɓa mai tafiya ba. A Piazza Grande babbar majami'ar da aka aza harsashinta a 1099 take, da hasumiyarta Ghirlandina mai tsawon kusan mita 86. A cikinta aka yi masa addu'ar bankwana, jiragen yaƙin Italiya suka ratsa sama suna fesa hayaƙi mai launin tutar ƙasar. Ban daɗe a wurin ba, yunwa ta kore ni. Musulmin da zai je Modena ya buɗe ido: garin naman alade ne, har ƙananan taliyar nan masu ƙunshi da suke alfahari da su, alade ne a ciki. Ɗan kawuna ya sa aka kawo mini manyan, masu cuku da ganye, na ci na gode Allah.

Washegari muka ɗauki tasi zuwa gidansa da ke bayan gari, wanda aka mayar gidan tarihi a 2015. Fili ne na dawaki tun asali, don mutumin mayen doki ne, har gasar tsallaken dawaki ya riƙa shiryawa a nan. Cikin gidan launi ne ko'ina, ga haske na saukowa ta rufin gilashi. Akwai kayan da ya sa a wasanni, da rigunansa masu furanni, da manyan gyalen wuya, da lambobin yabo, da wasiƙun manyan mutane, da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Na fi daɗewa gaban kayan wasan. In ka jera su da ido za ka ga yadda jikin ya riƙa buɗewa shekara bayan shekara, har ya kai ga gwiwoyi sun gaza, a wasanninsa na ƙarshe sai an tanadar masa abin jingina ko wurin zama a kan dandamali. Yana da camfi kuma: ba ya son fita gaban jama'a sai ya tsinci lanƙwasasshiyar ƙusa a bayan labule ya sa a aljihu. Farin hankicin da kowa ya san shi da shi ma, asalinsa rashin sanin abin da zai yi da hannuwansa ne in yana waƙa shi kaɗai ba cikin wasa ba.

Gidan ya nuna mini shahara, amma bai nuna mini inda muryar ta fito ba. Don haka na matsa muka hau jirgi zuwa Reggio Emilia, tafiyar kusan kwata. Gidan wasan garin, wanda aka buɗe a 1857, yana fuskantar wani faffaɗan fili, da gumaka jere a saman rufinsa. A nan, ranar 29 ga Afrilun 1961, Pavarotti ya fara fitowa a cikakken wasa, a matsayin Rodolfo cikin La bohème na Puccini, bayan ya ci wata gasa. Yana da shekara 25. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin shekarun da suka gabata. Tun 1954 yake zuwa wurin Arrigo Pola, wanda ya koyar da shi kyauta ganin gidansu ba hali, daga baya ya koma wurin Ettore Campogalliani a Mantua. Kusan shekara bakwai ke nan yana jan wasula yana hawa da sauka, ba wanda ya san da shi. Sun yi yarjejeniya da mahaifinsa cewa za a ci da shi har ya kai 30, in waƙa ba ta karɓe shi ba ya nemi wata sana'a. Bayan Reggio abin ya yi sauri. A 1963 ya maye gurbin Giuseppe Di Stefano a Covent Garden na Landan, a 1965 ya shiga La Scala na Milan ƙarƙashin jagoran makaɗa Karajan.

Daren da na fi jira shi ne na gidan wasan Modena, wanda ke ɗauke da sunansa da na Freni. A gefen ginin mutum-mutuminsa na tagulla yake tsaye, hannuwa a buɗe, hankici a hannu. Muka sayi tikitin can ƙololuwa, inda ya fi araha, inda kuma tsofaffin 'yan gari masu kunne suke zama. Zauren bai wuce kujeru 900 da wani abu ba, an gina shi kamar kofaton doki, ɗakunan kallo hawa-hawa. Ƙasan dandamali makaɗa ne cike da rami, masu goge da masu busa da masu ganga. Babu makirufo ko ɗaya a gaban mawaƙa. Ɗan kawuna ya leƙa ya sake leƙawa yana neman lasifika.

Da saurayin da ke riƙe da matsayin tenor ya buɗe baki, sai muryar ta tsallake makaɗan nan duka ta iso mu a sama, kowane harafi daram. Ba ƙarfin ihu ba ne. Mawaƙin opera yana koyon saukar da maƙogwaro da buɗe bayan baki ta yadda muryarsa za ta tara wani kaifi a wajen girgiza 3,000 cikin daƙiƙa, daidai inda sautin makaɗa ya yi rauni, kunnen mutum kuma ya fi ji. Wanda ya taɓa jin tsohon ladanin da ya koyi kiran salla tun kafin zuwan lasifika ya san irin wannan kaifi, muryar da ke ratsa unguwa ba tare da mai ita ya yage maƙogwaro ba. Daga inda nake ina kallon kafaɗun saurayin: ba sa motsi in ya ja numfashi. Haƙarƙari da ciki ne ke buɗewa, sannan ya riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan. Wannan ne darasin da Pavarotti ya ce ya kammala a wurin mawaƙiya Joan Sutherland lokacin rangadinsu na Ostireliya a 1965, har yakan ɗora hannu a cikinta tana waƙa don ya ji yadda tsokar ke aiki. Ita kuma ta so shi ne da farko saboda doguwa ce, tana neman abokin wasa da ba za ta kere shi ba.

Wurin da ake gane gwani ba can ƙarshen sama ba ne. Akwai wata 'yar mashiga a muryar tenor, wajen sautin F, inda muryar ƙirji ke ƙarewa ta sama ta karɓa. Wanda bai ƙware ba, a nan muryarsa ke tsagewa ko ta shaƙe. Gwanin sai ya ɗan rufe wasalin ya zagaye shi, ya wuce ba ka ji gaɓar ba. Pavarotti na shekarun 1960 da 1970 ya mallaki wannan mashiga fiye da kusan kowa, ga murya mai haske, ga lafazi da ko ba ka jin Italiyanci kana iya rubuta abin da ya faɗa. Saboda haka ne sautin C na sama, wanda igiyoyin murya ke kaɗawa sau 523 a daƙiƙa kafin su ba da shi, ya zama masa kamar wasa. Ranar 17 ga Fabrairun 1972 a Metropolitan na New York, cikin La fille du régiment na Donizetti, ya jero tara a waƙa ɗaya, aka yi ta kiransa gaban labule har sau 17.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, wani dattijo da ke gefenmu ya ga baƙi ya ja mu da hira, ɗan kawuna na fassara. Ya tambaye ni ta ina na san Luciano, haka suke kiransa, kamar ɗan maƙwabta. Na ce ta kaset ɗin wasan da ya yi da takwarorinsa mawaƙa Domingo da Carreras a Rum ranar 7 ga Yulin 1990, jajibirin wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Dattijon ya taɓe baki. A wurinsa daga nan ne abin ya fara lalacewa.

Ban bi shi duka ba, amma yana da hujja. Waƙar Nessun dorma da ƙwallon 1990 sun kai Pavarotti inda wani mawaƙin opera bai taɓa kaiwa ba: Hyde Park na Landan cikin ruwan sama a 1991, Central Park na New York a 1993 gaban mutum kusan rabin miliyan. Dukansu da makirufo aka yi su, kuma makirufo ba ruwansa da shekara bakwai na jan wasula. Tun kafin wannan zamani ma ya yi suna wajen soke wasa, har gidan opera na Chicago ya raba gari da shi a 1989 bayan ya soke 26 cikin 41 da aka shirya. A 1992 'yan ƙololuwar La Scala suka yi masa ihu da muryarsa ta tsage a Don Carlo. Fitowarsa ta ƙarshe, a bikin buɗe gasar Olympics ta hunturu a Turin a 2006, naɗaɗɗiyar murya aka saka yana motsa baki, kamar yadda jagoran makaɗan, Leone Magiera, ya bayyana bayan rasuwarsa. A ɗaya gefen, wannan shaharar ce ta tara kuɗi a wasannin agaji da ya riƙa shiryawa a Modena daga 1992 zuwa 2003, aka taimaki yaran Bosniya da na Laberiya. Kuma ba don kaset ɗin da dattijon ya raina ba, da ni ban san akwai wani abu wai shi tenor ba, balle in hau matakalar nan. Abin da na yarda da shi kawai, wanda ke son sanin dalilin da ya sa ake girmama mutumin nan, ya nemi abin da ya naɗa kafin 1980.

Aka koma zagaye na biyu. Saurayin ya zo babbar waƙarsa, ya hau sama ya riƙe, zaure ya ɗauki tafi. Ɗan kawuna har da miƙewa. Dattijon kuwa tafi biyu ya yi ya naɗe hannu. Muna saukowa na sa a tambaye shi laifin yaron. Ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya ce saman lafiya lau, amma a mashigar yana turawa da ƙarfi, in bai gyara ba nan da shekara goma babu muryar. Ya ce ya riga ya sayi tikitin ranar Lahadi, zai dawo ya ji ko wani ya gaya masa.

"Yaya," in ji ɗan kawuna muna neman tasi, "nawa ne ma tikitin na Lahadi?"