Kafin In Haɗa Maka Kwamfutar Gem

Shagona yana wajen Titin Zoo a Kano, aikina haɗa kwamfutar gem da gyaranta. Duk wanda ya shigo neman na'ura, kafin mu taɓa maganar kuɗi ko girman ram sai na tambaye shi inda abokansa suke buga wasa, da kuma yadda sabis yake a unguwarsu. Amsar da ya ba ni ita ke nuna mini kantin sayar da wasanni na intanet da zai zauna a ciki, Steam ne, Epic ne ko GOG, daga nan nake sanin irin kayan da zan zuba masa.

Yawancin masu zuwa wurina 'yan Steam ne. Kamfanin Valve ya buɗe shi tun 2003, kuma mutumin da ya yi shekaru yana tara wasanni a ciki ba ya tashi, don kayansa da abokansa duk suna can. Yaran Kano sun san lokacin rangwamen tsakiyar shekara da na ƙarshenta kamar yadda manomi ya san damina, suna tara kuɗi suna jira. Abin da ni ya fi burge ni shi ne idan ka sayi wasa ya ƙi tashi a na'urarka, za a mayar maka da kuɗinka matuƙar ba ka wuce kwana 14 ba, ba ka kuma buga shi ya haura awa 2 ba. Ga wanda ya sha wahala kafin ya samu hanyar biya da dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Epic ya zo a 2018 yana cewa kashi 12 kawai zai karɓa daga masu ƙera wasa, maimakon kashi 30 da aka saba. Wannan lissafi bai dami kowa a shagona ba. Abin da suka sani shi ne ranar Alhamis ana ba da wasa kyauta. A watan Mayun 2020, ana azumi ana kulle, da suka saki GTA V kyauta wayata ba ta huta ba, har waɗanda ba su mallaki kwamfuta ba sun buɗe akawun suka ajiye. Sai dai na lura a Epic ake karɓar kyauta, idan an tashi kashe kuɗi kuma a koma Steam, in ban da masu buga Fortnite, wasan Epic da babu shi a Steam. GOG kuwa ni nake tallata shi da bakina, saboda kana sauke wasa ya zama naka, ka ajiye a faifai, ka ɗora ba tare da intanet ba. Amma mai son ƙwallo ba zai samu EA Sports FC a can ba, kuma rabin Kano ƙwallo suke bugawa.

A nan 'yan damfara ke shigowa. Kwanaki wani yaro ya zo da mahaifinsa, idonsa ya yi ja. Ya sayi akawun mai cike da wasanni a hannun wani a farashin da bai kai na wasa ɗaya ba, bayan mako biyu aka canza kalmar sirri. Mahaifin ya ce, "Malam, ba za ka iya buɗe masa ba?" Na ce, "Alhaji, ɗakin ba nasa ba ne, haya aka ba shi kuma mai ɗaki ya karɓe makulli." Irin waɗannan 'yan damfara su ne ke loda wa mutane wasannin sata da bairos a ciki, na'ura ta yi ta zafi tana nishi, sannan a zo a ce ni ne na cika tsada.

Tsadar tawa tana da dalili. A Titin Beirut na koyi aiki, wata shida maigidana bai bar ni na taɓa komai ba sai buroshi da abin hura iska. Yakan ɗaga fanka ya haska ta da tocila, in ya ga ƙura ko kaɗan ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Shi ya koya mini cewa man da ake shafa wa firosesa ƙwayar wake ɗaya ya isa, kuma waya ba ta tare wa iska hanya. Har yau duk na'urar da na haɗa sai ta kwana tana aiki mai nauyi ina duba zafinta, domin kwamfutar da aka gwada a sanyin Turai ba ta san zafin Afrilu a Kano ba, balle ƙurar hunturu. Katin girafik ɗin da aka gama tatsewa wajen haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, aka wanke aka sa a sabon kwali, ina kallon launin allonsa nake mayar wa mai shi.

Akwai kuma maganar data. Wasa ɗaya yanzu yakan haura gig 100. Ina da manyan faifai da nake ajiye fayilolin wasannin Steam, idan ka saya da akawun ɗinka sai in kwafa maka, Steam ya tantance, ya sauke ɗan abin da ya rage. Halal ne, kuma abin da zai ci maka kwana uku ya ƙare kafin la'asar.

Yaron nan da aka damfara, ga yadda muka yi da shi. Na buɗe masa akawun da imel ɗinsa, na sa masa Steam Guard mai tsare akawun a wayarsa, ya fara da eFootball da Counter-Strike 2 tunda kyauta ne. Mahaifin ya nemi ragi a kuɗin aikin, na rage masa kaɗan saboda yaron. Yanzu duk Alhamis yana leƙowa bayan makaranta ya ce, "Yaya, yau me Epic suka bayar?"